Abin da Liti Ya Faɗa a Kano

In ka tambayi Liti yaya kasuwa, amsarsa ɗaya ce, ko da kuwa ka tarar ana lodin mota a ƙofar rumfarsa: "To, ana dai taɓawa." Sai ya sunkuyar da kai ya shafa ƙeya kamar wanda aka zo yi wa jaje. Baƙo kan tafi da tausayinsa. Mutanen Fulatan kuwa sun san ko wane ne shi. Abdulmutalib ne ɗan Malam Sulle, an haife shi ran Litinin sunan ranar ya bi shi, kuma shi ne mai injin matse rake da ke bakin fadama, wanda rabin samarin unguwarsu ke cin abinci a ƙarƙashinsa tun daga kaka har rani ya yi nisa. Mazarƙwailarsa ja ce mai haske, ba yashi, ba ɗacin ƙuna, tana isa Sakkwato a kwali ba ta narke ba. Amma wannan duk bakin mutane ne ya faɗa. Shi ko da wuƙa a wuya ba za ka ji haka daga gare shi ba.

Ba rowa ba ce, ba kuma tsoron mai haraji ba. Abin ya samo asali ne daga ubansa.

Malam Sulle mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin murya, irin wanda in yana ciniki a wannan gefen kasuwar Rogo na can gefen ya san farashi. A zamanin da kowa ke ɗaura doki yana zagaya injin matsa, shi ya fara sallamar doki ya kawo inji mai shan gas. Labari ya kai birni, wani ma'aikacin rediyo mai shirin manoma ya zo da rikodarsa har bakin fadama. Malam Sulle ya gyara murya ya ba shi abin da ya zo nema har da gyara: gonakinsa, ma'aikatansa, garuruwan da ake kai kayansa. Ya rufe da cewa duk ƙasar Rogo babu mai inji irin nasa, wanda ke musu ya zo ya gani. Ranar da aka sa shirin, maza suka kewaye rediyo a dandali, wasu na cewa madalla, wasu na kallon juna suna taɓe baki. A cikin gida matarsa Saude tana kwasar tuwo ta ji, ta ajiye mara ta zauna.

Ba a jima ba manyan baƙi suka zo daga ƙaramar hukuma don su ga injin da aka faɗa a rediyo. Malam Sulle ya sha babbar rigarsa ta shadda don ya tarbe su. Duk mai aikin rake ya san ba a matsar bakin inji da hannun riga, daga singileti sai gajeren wando. Shi ma ya sani, shi ya koya wa yaransa. Amma baƙi na kallo, sai ya ture mai zura rake gefe ya ce bari ya nuna musu da kansa. Hannun rigar na dama ya bi raken.

Liti yana da shekara goma sha biyu a lokacin, yana tsaye da faranti cike da mazarƙwailar da za a ba baƙi. Har yau ba ya iya tuna ihun ubansa, ko da ya so. Abin da ya zauna masa a kunne shi ne yadda muryar injin ta sauya, ta yi nauyi, ta shaƙe, kafin wani ya kai hannu ya kashe shi. An sa Malam Sulle a motar baƙin, amma rai ya yi halinsa kafin su kai asibiti.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ya faɗa. Matan da suka zo gaisuwa kuwa, a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya suke juyawa: baki. Mutum ya tsaya ya lissafa wa duniya arzikinsa, kunne dubu na ji, kuma ba kowace zuciya ce ke cewa tubarkalla ba. Saude ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da ta fita takaba ta kira Liti. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa fara'a a gaban mutane.

"Kai, zo nan," ta ce. "Ka ga abin da baki ya yi a gidan nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk abin da Allah Ya ba ka, tsakaninka da Shi ne. Ka yi min alkawari ba za ka taɓa tsayawa gaban mutane kana faɗin abin hannunka ba."

"Na yi, Inna."

Daga ranar ba ta sake ta da maganar ba, ba ta kuma sake taka hanyar fadama ba.

Haka Liti ya tashi da baki a ɗinke. A firamare in ya zo na ɗaya, aka tambaye shi, sai ya ce an dai wuce. A sakandare a Karaye malamai suka ɗauka rashin wayo ne, sai sun duba takardarsa su yi mamaki. Ya lallaɓa har ya yi babbar difloma a Kano, ya dawo gida ba wanda ya ji ko tari. Ya tarar injin ya yi tsatsa a hannun baffansa. Ya kwance shi ƙusa-ƙusa ya gyara, ya kira mai walda ya yi wa bakinsa ragar ƙarfe, sannan ya kafa doka: ba mai shiga rumfar da riga mai hannu. Dagaci ma da ya zo gani, sai da ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshen mangwaro, yana dariyar yaƙe.

Sana'a ta karɓe shi. Da hantsi za ka ga amalanke bayan amalanke na sauke rake, ruwan na kwarara kore-kore cikin daro, ana juye shi a manyan kasake ana hura wuta da busasshen ɓawon raken da aka matse. Liti kan tsaya kan kasko na ƙarshe yana kwashe kumfa, hancinsa ne ke gaya masa lokacin saukewa. Ƙudan zuma sun mai da wurin gidansu. Duk da haka rigarsa koɗaɗɗiya ce, babur ɗinsa sai an tura. Matarsa Radiyya kan goge masa sababbin kaya ta jera a akwati, ta ce masa asu ya gode da ciyarwa. Shi dai sai ya yi murmushi.

Akwai abin da ko ita ya daɗe bai gaya mata ba. Duk lokacin da wani ya yabe shi a gaban mutane, hannunsa na dama kan yi sanyi tun daga kafaɗa har yatsu, ya yi nauyi kamar ba nasa ba. In ya bi ta gaban mai injin niƙa aka yi rashin sa'a dutsen ya shaƙe, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya har muryar ta daidaita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Liti ya yi karatu, ya san riga ce ta ja ubansa, ai shi ya sa ya yi raga. Amma in ya kai nan sai wata zuciyar ta ce masa: to me ya kawo baƙin? Me ya sa ya sa rigar? Me ya mantar da shi dokar da shi ya kafa? Sai ya koma inda ya faro.

Abin da ya kai shi neman makarantar kasuwanci kuwa, wata rana ce ya shiga wani babban kanti a Kano sayen maganin Inna, ya ga garin sukari ja a leda mai sheƙi, da sunan wani kamfani da bai taɓa ji ba. Ya saya ya lasa. Mazarƙwailarsa ce. Mutum ba ya kasa gane ɗansa don an sauya masa riga. Dillalan da ke zuwa Fulatan suna taya kayansa da wulaƙanci, su ne ke kaiwa a niƙa a ƙunsa. Ba a daɗe ba wani kamfanin alewa ya aiko masa da takardun yarjejeniya masu kauri, ya karanta Turancin ya gane kalmomin amma bai gane inda ramin yake ba, ya mayar musu. Ga samarin unguwa suna ta zarewa zuwa Abuja aikin acaɓa, saboda aikin rake na 'yan watanni ne. Ya san in bai koyi yadda ake wannan sabuwar kasuwa ba, rumfar za ta mutu a hannunsa yana kallo.

Taubashinsa Lukumanu, ɗan ƙanwar babansa, malamin sakandare a Karaye, shi ya kawo masa labarin. Makarantar kasuwanci ta wata jami'a a Kano tana da shiri na masu ƙananan masana'antu, karatun ƙarshen mako, har da haɗa mutum da masu saye na gaske. Kujeru kaɗan ne, akwai iyakar shekaru, kuma ba a ɗaukar kowa sai ya zauna gaban masu tantancewa sun ji daga bakinsa.

Zuwansa na farko, ya yi duk abin da ɗan mutunci ke yi in zai ga manya. Ya sa rigarsa mai sauƙi don kada a ce ya zo nuna isa. Ya zaɓi mazarƙwaila mafi kyau ya cika kwali, don ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga ya durƙusa a kan kafet ga kujera a gabansa, ya gaishe su da gajiya da iyali da aiki, ɗaya bayan ɗaya. Mutum uku ne a bayan tebur. Ta tsakiya, Dakta Sadiƙa, mace ce mai gilashi wadda ba ta ɓata magana. Da ƙyar ta sa shi ya hau kujera, ya zauna a gefenta idonsa na kan yatsun ƙafarsa.

"Malam Abdulmutalib, ba mu labarin sana'arka."

"Ranki ya daɗe, ai ba wata sana'a ba ce. 'Yar buga-buga ce ta ƙauye."

"Mutum nawa ke aiki a ƙarƙashinka?"

"Yara ne dai 'yan taimako."

"Ina kake kai kayanka?"

"Inda Allah Ya nufa, ranki ya daɗe."

Na hannun damanta, wani mai furfura a gemu, ya ajiye alƙalami ya ce, "To Malam, in ba sana'a, me ya kawo ka?" Liti ya ga magana na neman ƙarewa, sai ya jawo kwalin ya tura shi gaban tebur, ya ce ga ɗan abin taɓawa a kai wa yara. Mai furfurar ya ɗaure fuska ya ce, "Ɗauki kayanka. Ba a yin haka a nan." Sai a lokacin Liti ya gane abin da suka ɗauki kwalin, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana bakin ƙofa yana laluben takalmi Dakta Sadiƙa ta ce masa, ba da faɗa ba, "Ko dai ba ka da abin faɗa, ko kana da shi ka hana mu. Ko wanne ne, ba za mu iya ba ka kujera a kansa ba."

Ya dawo da kwalinsa har Fulatan a kan cinya.

Lukumanu ya yi dariya har da riƙe ciki, don tsakanin taubasai ba a jaje sai an gama tsiya. "Kai ka je neman gurbin karatu ne ko ka je biko? Har da durƙuso! Har da toshi!" Da ya gama ya share hawaye ya ce masa saura dama ɗaya, baɗi, daga nan shekarunsa sun haura. Da lokacin ya matso sai ya riƙa kiransa Karaye ran Asabar, ya zaunar da shi a aji babu kowa, shi kuma ya hau teburin malami ya zama Dakta.

"Ɗago kai. Kalle ni."

"Ni in zura wa matar mutane ido?"

"To kalli gilashinta. Mutanen nan ba irinmu ba ne. A wurinsu wanda ya sunkuyar da kai ƙarya yake ɓoyewa, wanda ya ce ba komai kuma sun yarda ba komai ɗin ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Liti. Ce: ina da injin matse rake."

"Akwai dai wani ɗan inji..."

"Ɗan inji! Wanda ake jin ƙararsa daga titi?"

Suka yi ta fama. Zama ya gyaru, kallo ya gyaru, gaisuwa ta gajarce. Amma da an zo kan abin da ya mallaka sai muryar ta maƙale, ya kama murza hannunsa na dama. Ran nan Lukumanu ya sauko daga tebur ya zauna kusa da shi, ya daina wasa. Ya ce shi ma kawunsa ne ya rasu, shi ma ya yi kuka. Ya ce malamai ma sun ce faɗar ni'ima godiya ce in ba da fahari aka yi ba, kuma mutum uku a ɗaki a rufe ba rediyo ba ne. Liti ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Duk na sani. Amma ba kai ka riƙe farantin ba. Kuma ba kai ka yi wa Inna alkawari ba."

"To ka roƙe ta ta sake ka."

Bai iya ba. Sau da yawa yakan shiga ɗakinta da niyyar faɗa, ya tarar tana ɓarar gyaɗa, ya gaishe ta ya tambayi ƙafarta ya fito. Ya san amsarta, ya kuma san in ta ce a'a da bakinta, magana ta ƙare. Sai ya zaɓi hanyar matsorata, ya bar ta a rashin sani. Ranar tafiya Radiyya ta fito masa da farar shadda. Lukumanu ya so ya ɗora babbar riga don kwarjini, Liti ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai sa ba. Ya durƙusa a ƙofar Inna ya ce zai je Kano. Ba ta ɗago ba ta ce, "Allah Ya tsare."

Ɗakin nan ne dai, mutanen nan ne dai. Babu wuta, janareta na bugawa a bayan bango, bugun na shigowa ta ƙafar kujera har cikin ƙashinsa. Ya shiga da takalminsa, ya yi sallama, ya zauna sosai, ya kalli gilashin. Dakta Sadiƙa ta gane shi. "A'a, mai kwali ne. Bana me ka zo mana da shi?"

"Baki kawai, ranki ya daɗe."

Suka yi dariya. Ta ce to bismilla.

Ya buɗe baki, tsohuwar amsar ta riga shi zuwa kan harshe: "To, ana dai..." Ya tsaya. Ya ga mai furfura ya fara juya alƙalami. Hannunsa na dama ya riga ya yi sanyi, ya ɗora na hagu a kai ya danne. Gaba kura, baya sayaki: in ya yi shiru rumfa ta tafi, in ya yi magana ya ci amanar uwarsa, ya kuma buɗe ƙofar da ya kwashe rayuwarsa yana tokarewa. Ya yi bismilla a zuci, ya ce, "Ina da injin matse rake a Fulatan, cikin ƙasar Rogo. Nawa ne."

Daga nan kamar an fasa madatsa. Ya faɗi gonakin da yake nomawa da waɗanda yake saye a tsaye. Ya faɗi magidantan da ke ci daga rumfar, da matan da ke wanke ƙananan kwanukan da ake zuba mazarƙwaila ta daskare. Ya faɗi Sakkwato da Gusau da fataken Nijar. Ya ba su labarin ledar da ya gani a kanti, da ragar da ya yi wa inji har masu injin maƙwabta suka zo suka kwaikwaya. Suka yi ta jefo tambaya yana cafewa. Can cikin magana ya ji muryar da ke fita daga ƙirjinsa, mai faɗi, mai cika ɗaki, ya gane ta: muryar ubansa ce. Tun yana yaro rabonsa da ita. Amma bai tsaya ba.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne daɗin da ya ji. Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka wauta ce ta sa ubansa ya yi abin da ya yi, har a ɓoye yana jin haushinsa. Ashe daɗi ne. Mutum ya sha rana, ya sha hayaƙi, ya ƙone yatsu, sannan wata rana wani ya zauna ya tambaye shi da gaske, yana rubutawa. Wa zai iya yin shiru? A kan kujerar nan Liti ya yafe wa Malam Sulle, ya ji kewarsa kamar jiya aka binne shi.

Mai furfura ya jingina yana murmushi. "A yankin naku, wa ya fi ka a wannan sana'a?"

Liti ya ga ramin sarai. Yana iya cewa Allah ne masani, kuma ba wanda zai kama shi da laifi. Bakinsa ya ce, "Babu."

Daidai nan aka kawo wuta. Janaretan ya yi tari biyu, muryarsa ta yi nauyi, ya mutu. Su ko a jikinsu, ɗaya ma cewa ya yi alhamdu lillahi. Liti kuwa ya tuna muryar injin ubansa. Mai furfura ya miƙo hannu, ya ba shi nasa, bai ji lokacin da aka riƙe ba, bai ji lokacin da aka saki ba. Dakta Sadiƙa ta ce, "Ka ga da bara ka yi haka, da yanzu ka yi nisa."

Bai kai ƙofar fita ba ya kira Radiyya. "Kowa lafiya? Yara fa? Inna fa? Aika a ce su kashe inji."

"Lafiya lau muke. Me ya faru? An hana ka ne?"

"Ki aika dai."

A mota duk wayar da ta yi ƙara, ko ta wani ce, sai gabansa ya faɗi. Ya isa gida ya tarar ba abin da ya faru. Washegari ma haka. Rake na bushewa a ƙasa, ma'aikata na kallonsa, dole ya ce a tayar da inji. Ya tsaya a kansa wuni guda yana sauraron muryarsa.

Da saƙon ɗauka ya shigo waya, Lukumanu ya baza shi kafin Liti ya gama karantawa. Mutane suka yi ta shigowa barka. Bayan la'asar, da gida ya yi sauƙi, Inna Saude ta aika a kira shi. Tana zaune a kan tabarma, ta tsufa, idonta ya fara hazo amma kanta garau.

"Na ji an ɗauke ka. Allah Ya sa albarka."

"Amin, Inna."

"Bara sun ƙi ka, bana sun karɓa. Kai ne dai ba wani ba. Me ka ce musu?"

Ya yi niyyar kewaye-kewaye, ya ga ba zai iya haɗa mata saɓa alkawari da ƙarya ba. "Na faɗa musu, Inna."

"Duka?"

"Duka."

Ya jira faɗa. Wallahi ya so ta yi faɗa, ta zage shi, ko ta ɗaga hannu ta mare shi da girmansa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kalli ƙofa ta ce, "To. Tashi ka je."

Washegari da hantsi yana kan kasko sai ya ga ma'aikata sun tsaya suna kallon hanya. Inna ce tafe, da sanda a hannu ɗaya, tabarma a hammata, a kan hanyar da ba ta taka ba tun yana yaro. Ba ta kalli kowa ba. Ta shiga rumfar, ta wuce inuwar da ake ajiye baƙi, ta shimfiɗa tabarmarta dab da injin, gefen mai zura rake, ta zauna ta fito da carbi. Liti ya sa aka kashe inji, ya zo ya durƙusa.

"Inna, nan ba wurin zama ba ne. Ga hayaƙi, ga ƙara, ga zuma. Don Allah ki koma gida, ko ki dawo can inuwa."

"Ku ci gaba da aikinku."

"Inna, ki yafe min. Na yi kuskure. In kin ce in bar karatun, na bari."

"Barin karatu zai mai da magana ciki ne?" Ta gyara zama. "Ka riga ka kira abin da ya ɗauke ubanka. In ya zo, nan zai zo neman mutum. Gara ya fara tarar da ni."

A duk rayuwarsa ba ta taɓa gaya masa tana sonsa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Nan a gaban ma'aikatansa Liti ya kifa kai ya yi kukan da bai yi ba ranar da yake riƙe da faranti.

An yi roƙon duniya. Liman ya zo, Lukumanu ya zo, Radiyya ta yi dabara ta ce jikoki na nemanta. Ba ta musu da kowa, gari na wayewa sai ta ɗauki tabarmarta. Kuma tsohuwa ba ta tuɓe mayafi a gaban maza, don haka dokar da ta tuɓe dagaci ba ta hau kanta ba. In iska ta kaɗa, gefen mayafin kan ɗaga ya nufi wajen bel ɗin da ke juya injin. Ya sake kiran mai walda aka kewaye bel ɗin da raga, aka ƙara wata a kan ta farko. Ya sa mutum guda ba shi da aiki sai tsayawa kusa da makashin inji.

Yanzu yana shekararsa ta ƙarshe a makarantar. Malamai na ji da shi, har sukan ce ya tashi ya ba sababbin ɗalibai labarin sana'arsa, ya kuwa tashi ya bayar, don bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa. Mazarƙwailar Fulatan ta fara shiga leda da sunanta. Har yau ba abin da ya faru, kuma wannan bai kwantar wa kowa da hankali ba, don a wurin Inna abin da bai zo ba yana hanya ne. A aji yakan zauna kusa da ƙofa, wayarsa a kan tebur fuskarta sama. Ran Juma'a da hantsi, kafin ya kama hanyar Kano, yakan biya ta rumfar ya durƙusa a gefen tabarmar ya yi mata sallama. Ba ta jin abin da yake faɗa saboda ƙarar inji, sai dai ta ɗaga masa hannu ya tafi.